RA'AYINMU: Ciwon Ƙirji Ba Ya Jiran Gari Ya Waye

Duk wanda ya saba zuwa zaman makoki a Minna, ko a Limawa ne ko Bosso ko Tunga ko Kpakungu, ya san maganar da aka fi maimaitawa a kan tabarmar ta'aziyya a 'yan shekarun nan. Za ka ji wani ya ce, "Wallahi jiya tare muka yi sallar lisha, lafiyarsa lau." Wani kuma ya ce ai da hantsi ya gan shi a Kasuwar Kure yana ciniki har da raha. Sai a yi shiru, a ce ajali ne ya yi kira, a shafa fatiha a watse. Amma in ka daɗe a wurin har mutane suka ragu, ka sami zantawa da iyalin mamacin, sau da yawa labarin yakan sake. Uwargida za ta gaya maka cewa ai kwana biyu ke nan yana kukan ƙirjinsa ya yi masa nauyi, ya ce olsarsa ce ta tashi, aka aiki yaro kemis ya sayo farin maganin nan na ruwa. Da dare ya raba gumi ya karyo masa, aka ce a tafi asibiti, ya ce a bari gari ya waye. Garin kuwa ya waye ba da shi ba.

Wannan jiran wayewar gari shi ne abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a yau. Ajali gaskiya ne, babu Musulmi ko Kirista da zai yi musun haka. To amma malaman addini sun sha faɗa mana cewa neman magani ba ya kore dogaro ga Allah, kuma sakaci ba ya zama tawakkali. A ganinmu, da yawa daga cikin mace-macen da muke kira na fuju'a sun yi sallama kafin su shigo, mu ne ba mu san muryar ba. Cutar da likitoci ke kira bugun zuciya tana ba da alama, tana da magani, ana kuma iya kauce mata, amma duk wannan ya rataya ne a kan sa'o'in farko, waɗanda su ne muke ɓatarwa tsakanin kemis da gidan mai magani da jiran asuba.

Ƙasar nan ta sha ganin misali. Ran 8 ga watan Yuni na 1998 aka wayi gari da labarin rasuwar Janar Sani Abaca, hukuma kuma ta ce bugun zuciya ne sanadi. Washegari ɗan garin nan na Minna, Janar Abdulsalami Abubakar, ya karɓi ragamar mulki. Wata ɗaya bayan haka, ran 7 ga Yuli, Cif M.K.O. Abiola ya cika a Abuja yana tsare, likitocin da aka gayyato daga Ingila da Amurka da Kanada suka bincika gawarsa suka ce ya daɗe da ciwon zuciya. Har gobe ana gardama a kan waɗannan mace-mace biyu a majalisun hira, kuma ba raba wannan gardama ce ta kawo mu ba. Abin lura shi ne, duk sa'ad da babban mutum ya faɗi ya mutu, tunaninmu guba yakan fara zuwa, in ƙaramin mutum ne kuwa a ce jifa ko sammu. Da wuya ka ji an tambayi yaushe rabonsa da awon jini. A watan Yuni na 2016 ma, cikin mako guda, Nijeriya ta rasa tsofaffin masu horar da 'yan ƙwallonta biyu a birnin Benin, watau Stephen Keshi mai shekara 54 da Shu'aibu Amodu mai shekara 58. Shi Amodu an ba da labarin cewa ya yi kukan ciwon ƙirji da dare, ya kwanta barci bai farka ba.

Minna kanta tana da nata tabon. A watan Fabrairu na 2017 wani ɗalibin Jami'ar Fasaha ta Tarayya ya yanke jiki ya faɗi yana cikin wasan ƙwallo a harabar Bosso, ya rasu. Ɗalibai suka fusata, aka cinna wa asibitin makarantar wuta, hukuma ta rufe jami'ar na wani lokaci. Ba mu ɗora wa kowa laifin wannan rashi ba. Amma ƙone-ƙone ihu ne bayan hari, bai komo da rai ba. Tambayar da ta kamata garin ya yi wa kansa tun daga ranar ita ce, in mutum ya faɗi a filin wasa ko a tasha ko a sahun salla, mutum nawa ne a cikin taron suka san abin da za su yi da hannuwansu kafin a kai ga likita?

MENE NE BUGUN ZUCIYA

Zuciya tsoka ce, girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, tana kuwa harbawa kimanin sau 100,000 a kwana ɗaya ba hutu. Ko da yake ita ke tura jini ga dukan jiki, ita ma da jini take rayuwa, kuma yana isa gare ta ne ta wasu 'yan siraran hanyoyi da suka kewaye ta. Da shekaru suka yi ta tafiya, kitse kan riƙa taruwa a jikin bangon waɗannan hanyoyi, kamar yadda tsatsa da laka ke cike tsohon bututun famfo har ruwa ya koma ɗigo. Hawan jini da ciwon sukari da hayaƙin taba su ne ke ƙarzar bangon su ba kitsen wurin zama. Rana ɗaya sai wurin da kitsen ya taru ya tsage, jini ya daskare a kai ya zama guda, hanyar ta toshe. Sashen zuciyar da ke dogara da wannan hanya sai ya rasa jini, bayan kamar minti 20 zuwa 30 ya fara mutuwa, cikin 'yan sa'o'i ɓarnar ta kammala. Tsokar zuciya in ta mutu ba ta sake tohowa. Wannan shi ne bugun zuciya, kuma mai karatu zai ga cewa abin da ya bayyana a dare ɗaya shekara ashirin ko talatin ya yi yana ginuwa.

Da can likitoci na ɗaukar wannan a matsayin cutar Turawa. A shekarun 1960 da 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Ibadan sun rubuta cewa ba safai suke ganinta ga ɗan Nijeriya ba. Zamani ya juya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 17.9 ne cututtukan zuciya da na hanyoyin jini suka kashe, watau kashi 32 cikin 100 na dukan mace-macen duniya a shekarar, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki ne irin tamu. A nan gida, wani bincike da likitocin zuciya suka yi a asibitoci 23 daga 2013 zuwa 2018, ƙarƙashin jagorancin wani farfesa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ya bi diddigin masu wannan cuta fiye da dubu ɗaya. An tarar matsakaicin shekarunsu 59 ne, biyu cikin uku maza ne, mafi yawansu mazauna birni, kuma zuwa asibiti a makare na daga cikin manyan matsalolin da aka gano. Mai shekara 59 a wurinmu shi ne ginshiƙin gida, shi ne mai biyan kuɗin makaranta da na haya, shi ne wanda ke shirin aurar da 'ya'ya.

ALAMOMIN DA BA A RAINAWA

Babbar alama ita ce nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, mutum ya ji kamar an aza masa buhun hatsi ko an ɗaure shi tamau da igiya, abin ya ɗauki mintoci bai lafa ba, ko ya lafa ya dawo. Sau da yawa ciwon kan miƙa zuwa hannun hagu ko hannu biyun duka, ko wuya, ko muƙamuƙi, ko gadon baya, ko saman ciki. Yakan zo da gumi mai sanyi ko da ana hunturu, da haki, da tashin zuciya ko amai, da jiri. Da yake ciwon kan sauka saman ciki har da gyatsa da ƙwannafi, shi ya sa mutanenmu ke saurin cewa olsa ce. Olsa ta ɗauki laifin da ba nata ba a gidaje da yawa. Duk mutumin da ya haura shekara 40, musamman mai hawan jini ko ciwon sukari ko mai shan taba, in ya ji wani baƙon ciwo tsakanin cibiya da muƙamuƙi tare da gumi ko haki, to ya ɗauka zuciya ce har sai likita ya ce ba ita ba ce.

Lalle ne kuma mu ja kunnen magidanta game da mata da tsofaffi da masu ciwon sukari, domin su nasu kan zo a ɓoye. Mai yiwuwa ne ba za su ji ciwon ƙirji sosai ba, sai dai haki, ko wata irin kasala da ba a saba gani ba, ko amai da jiri. Matanmu kuwa an san su da dauriya da kunyar faɗin ciwo, wata ma sai ta jira maigida ya dawo daga kasuwa kafin ta nemi izinin fita. Ya kamata kowane maigida ya ba da izini tun yau, ya ce in irin wannan ta taso a tafi asibiti, a kira shi a waya daga hanya. Har wa yau akwai wata alama da kan riga bugun zuciya da makonni ko watanni, watau mutum ya riƙa jin ƙirjinsa na matsewa in ya hau bene ko ya yi sauri don ya riski jam'i, in ya tsaya ya huta abin ya sake shi. Wannan gargaɗi ne, mai shi ya ga likita a cikin makon. In kuwa matsin ya fara zuwa yana zaune ko yana kwance, to ba maganar gobe.

ABIN YI A GIDA DA KAN TITI

In alamomin nan suka bayyana, a zaunar da mutum ya jingina, a sassauta masa tufafi, a hana shi kai da kawowa, kada kuma ya tuƙa kansa. A buga lambar gaggawa ta ƙasa, watau 112, amma kada a zauna jira in akwai motar maƙwabci ko Keke Napep a kusa. In akwai asfirin a gida, a ba shi mai nauyin miligiram 300 ya tauna, domin yana hana gudan jinin ƙara girma, sai fa in an san asfirin ba ya karɓarsa, ko yana da gyambon ciki mai zubar da jini, ko likita ya taɓa hana shi. Daga nan sai babban asibiti kai tsaye. Wanda ke cikin gari ya nufi Babban Asibitin Minna ko Asibitin Ƙwararru na IBB da ke Chanchaga, na ƙasar Nufe ya nufi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bidda, na sauran wurare ya nufi babban asibitin da ya fi kusa da shi. Da isa a gaya wa ma'aikata a fili cewa ciwon ƙirji ne, a faɗi kuma ƙarfe nawa ya fara, domin da wannan lokaci likita zai yi lissafi. Mai kemis, kome kirkinsa, ba shi da na'urar da zai leƙa zuciya, kuma mai kemis na ƙwarai shi ne wanda zai ƙi sayar da maganin olsa ga dattijo mai gumi da riƙe ƙirji, ya ce da shi maza asibiti.

Akwai kuma hali na biyu da ya fi wannan gaggawa, shi ne tsayawar zuciya, inda mutum zai yanke jiki ya faɗi, ba ya amsa kira, ba ya numfashi ko kuwa sai gurnani jefi-jefi. Bugun zuciya kan jawo haka, wasu cututtukan zuciya ma kan jawo shi har ga matasa majiya ƙarfi. A nan ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Abin da muka saba yi shi ne mu kewaye mutum muna salati, wani ya kwara masa ruwa, wani ya cusa masa cokali a baki, wata ta kawo albasa ko manja. Duk waɗannan ba sa tayar da zuciya, ɗura wa sumamme abu a baki ma yana iya shaƙe shi. Abin da ke ceton rai shi ne a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora tafin hannu ɗaya bisa ɗaya a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa da ƙarfi zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, in wannan ya gaji wancan ya karɓa, har a danƙa shi ga ma'aikatan lafiya. Masu kallon ƙwallo sun ga amfanin haka da idonsu ran 12 ga Yuni na 2021, sa'ad da Christian Eriksen na ƙasar Denmak ya faɗi a fili zuciyarsa ta tsaya. Nan take aka shiga danna masa ƙirji, aka sa masa na'urar da ke farfaɗo da zuciya da wutar lantarki, ya tashi, har ya koma buga ƙwallo. Tsofaffi kuma za su tuna da Samuel Okwaraji, wanda ya faɗi a filin wasa na Surulere a Ikko ran 12 ga Agusta na 1989 ana karawa da Angola, bai sake tashi ba.

INA GWAMNATI TA TSAYA

Kome saurin da iyali suka yi, aikin banza ne in asibitin bai shirya ba. Ƙa'idar likitoci a duniya ita ce, duk wanda ya zo da ciwon ƙirji a yi masa awon zuciya da na'urar ECG cikin minti 10 da isowarsa, a kuma ɗebi jininsa a gwada ko tsokar zuciya ta taɓu. In aka ga hanya ta toshe, hanyoyin buɗe ta biyu ne. Ɗaya ita ce a zura siririn bututu ta hanyar jinin hannu ko cinya har zuwa zuciya, a buɗe wurin a saka 'yar ragar ƙarfe ta tokare shi. Wannan aiki a manyan birane irin su Ikko da Abuja da Kano aka fi samunsa, kuɗinsa kuwa miliyoyin naira ne. Ta biyu ita ce allurar narkar da gudan jini, wadda ake yi cikin sa'o'i 12 na farko, amma amfaninta ya fi yawa nesa ba kusa ba a sa'o'i biyu ko uku na farko. Daga Minna zuwa Abuja ta Suleja kimanin kilomita 150 ne, kuma Jihar Neja ita ce mafi faɗin ƙasa a Nijeriya, da ƙananan hukumomi 25. Mutumin Kwantagora ko Borgu ko Mokwa ba zai yi tsere da waɗannan sa'o'i a kan titi ya ci ba. Saboda haka ceton mutumin Neja yana ga abin da aka tanada a asibitin da ke kusa da shi.

Don haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Neja da Ma'aikatar Lafiyarta da su dubi abubuwa biyar. Na farko, a tabbatar kowane babban asibiti a jihar yana da na'urar ECG mai aiki a ɗakin taimakon gaggawa, da takardarta, da baturin da zai riƙe ta in an ɗauke wuta, da ma'aikacin da ya iya ta dare da rana. Abin kunya ne a ce jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro da Jebba da Zungeru na'urar ceton rai ta tsaya a cikinta don rashin lantarki. Na biyu, a haɗa likitocin ƙananan garuruwa da ƙwararrun zuciya ta waya, yadda likitan Lapai ko Kagara zai ɗauki hoton awon ya aika a karanta masa cikin 'yan mintoci. Wannan ba ya bukatar sabon gini. Na uku, a ajiye allurar narkar da gudan jini da na'urar farfaɗo da zuciya a manyan asibitocin kowace shiyya, a koya wa likitoci da nas-nas yadda ake aiki da su, a kuma sa wannan magani cikin abin da shirin taimakekeniyar lafiya na jiha ke biya. Na huɗu, a samar da motocin ɗaukar marasa lafiya masu mai a tanki da direba a kusa, waɗanda za su amsa kira, ba na jerawa a yi hoto ranar buɗe asibiti ba. Na biyar, a koyar da danna ƙirji a makarantun sakandare da jami'o'i da kwalejoji, da ƙungiyoyin direbobi da 'yan acaɓa, da 'yan agajin masallatai da na coci-coci, da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra. Darasin rabin yini ne.

Akwai doka a ƙasa da ta goyi bayan wannan kira. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ta yanka tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba ko duka biyun ga wanda ya saɓa. Dokar ta kuma ware wani kaso na asusun kula da lafiya a matakin farko don jinyar gaggawa. Mai ciwon ƙirji ba shi ne za a tura layin yankar kati ko a ce sai ya ajiye kuɗi ba. Haka nan ya kamata Rundunar 'Yan Sandan Jihar ta fito ta tabbatar wa jama'a cewa wanda ya taimaki mutumin da ya faɗi a titi ba za a mai da shi abin tuhuma ba, domin tsoron ofishin 'yan sanda ya sa mutane da yawa suna tsayawa kallo. Shugabannin Afirka kuma sun yi alkawari a Abuja tun 2001 cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Muna tuna wa 'yan Majalisar Dokokin Jihar wannan alkawari a duk lokacin da kasafi ya zo gabansu.

GYARA TUN DAGA TUKUNYA

Duk da haka rigakafi ya fi magani, ya kuma fi araha. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 52, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2004, ya nuna cewa abubuwa tara ne ke da alhakin kimanin kashi 90 cikin 100 na haɗarin bugun zuciya, kuma dukansu abubuwa ne da ake iya gyarawa. Daga ciki akwai shan taba, da yawan kitse a jini, da hawan jini, da ciwon sukari, da tumbi, da rashin motsa jiki, da ƙarancin cin ganye da 'ya'yan itace, da yawan damuwa. A wurinmu hawan jini ne shugaban tawaga, domin kusan mutum ɗaya cikin kowane manya uku a Nijeriya yana da shi, da yawa kuma ba su sani ba, tunda ba ya ciwon kai ko jiri dole. Awon minti biyu ne. Wanda awonsa ke kai 140 bisa 90 ko fiye a kai a kai, ya bukaci ganin likita. Wanda kuma aka ɗora a kan magani, ya sani ba irin maganin zazzaɓi ba ne da za a sha kwana uku a ajiye. Mutane da yawa sun daina shan magani don sun ji sauƙi, ko don wani ya ce su koma tafarnuwa da zoɓo da zogale. Zogale abinci ne mai kyau, a ci, amma ba ya maye gurbin abin da likita ya rubuta.

Sai maganar tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi ke ci a yini ya kai giram 5, watau ƙaramin cokalin shayi guda. Mu kuwa a miya ɗaya sai a zuba gishiri, a marmasa dunƙule huɗu ko biyar, a jefa kanwa, ga yajin tsire da na kilishi yana jira da dare. Dunƙulen nan mafi yawansa gishiri ne. Iyayenmu da daddawa da albasa da busasshen kifi suka yi miya, ba a kuma ce ba ta yi daɗi ba. Allah ya hore wa Neja doya da wake da dawa da gyaɗa da kifin Shiroro da mangwaro da ganyaye iri-iri, saboda haka abincin da zuciya ke so ba sai an yi odarsa daga waje ba. Abin ragewa shi ne kitsen nama, da man da aka soya abu da shi sau da yawa har ya yi baƙi, da lemon kwalba da aka mayar ruwan sha. Tumbin da muke yi wa kirari da cewa naira ta zauna, likita kallon haɗari yake yi masa. Tafiyar ƙafa da sauri ta minti 30 sau biyar a mako ta wadatar, kuma ma'aikacin da ke hawa mota daga ƙofar gida zuwa sakatariya ya wuni a kujera ya fi manomin Paiko bukatarta. Taba kuwa, sigari ce ko shisha da samari suka ɗauka ado, babu kaɗan ɗinta mai lafiya. Dokar hana yaɗuwar shan taba ta 2015 ta haramta sha a wuraren taruwar jama'a da sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, saura aiwatarwa. A kuma yi hattara da magungunan ciwon jiki da ake sha barkatai kullum, da haɗe-haɗen ƙarin kuzari na bakin tasha da ba a san abin da ke cikinsu ba.

A nan sarakuna da malamai da gidajen rediyo suna da rawar takawa. In Masarautar Minna da sauran masarautun jihar suka sa baki, aka ajiye ma'aikacin lafiya da abin awon jini a ƙofar masallatan Juma'a da coci-coci da kasuwanni ko da sau ɗaya a wata, za a gano dubban masu hawan jini tun kafin ya yi ɓarna. Gidan Rediyon Neja da sauran tashoshi su riƙa faɗin alamomin nan da Hausa da Nufanci da Gwaranci da Kambarci da Fulatanci, kada a jira sai ran 29 ga Satumba da duniya ta keɓe don tunawa da lafiyar zuciya. Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, gemun da ya kama a garin nan kuwa ba ɗaya ba ne ba biyu ba.

Daga ƙarshe muna roƙon kowane mai karatu abu uku da ba sa bukatar jiran gwamnati. Ya je a auna jininsa da sukarinsa a cikin makon nan, shi da iyalinsa. Ya ajiye asfirin a inda kowa a gidan ya sani. Ya kuma tara iyalinsa ya gaya musu cewa duk daren da ya riƙe ƙirji yana gumi ya ce a bari gari ya waye, kada su saurare shi, su tashi maƙwabci mai mota su kai shi asibiti. In aka je likita ya ce olsa ce, an yi asarar barcin dare ɗaya da kuɗin mai, sai a gode wa Allah a komo gida. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin.